Kwanon da Ya Haura Adadi

Akwai wata kalmar Turanci da ta shigo gidan nan a bakin ɗana Abba, kamar yadda yawancin abubuwan da ban aika a kawo mini ba suke shigowa. Magzimam suke cewa. Ni ban yi boko ba, kuma a shekaruna na wuce jin kunyar tambaya, don haka na kira matarsa Rabi na ce ta fassara mini. Ta ce iyaka ce ta sama, wato adadin da ake yanka wa abu. Ana iya tsayawa ƙasa da shi, ana iya kaiwa gare shi, amma ba a haura shi. Tun daga ranar kunnena ya buɗe, na riƙa tsintar ta ko'ina. Likitan da ke duba ni ya yanka mini ita a kan sukarin shayi. Mai keken da ke kai ni asibiti yana da tasa a rubuce a jikin keken, ko da yake shi da ido kawai yake gaishe ta, don sai ya cusa mu har gefen da yake zaune. Hatta mai ɗura gas a bakin titi na ji ya faɗe ta. Na ce to, mu ma ai muna da iyaka, muna da maƙura, ba yau aka fara ba. Amma da na zauna na juya maganar sai na ga ba ɗaya ba ne. Maƙura sai ka tashi ka yi tafiya, ka gaji, ka ƙure ƙarfinka, sannan ka iske ta. Wannan kuwa tun kana zaune a inuwa ake yanka maka ita, ko ɗamara ba ka ɗaura ba.

Duk da haka ban damu da ita ba sai da ta shiga madafi. Gidanmu a nan unguwar Sabo ta Ibadan gidan baƙi ne tun kafin a kawo ni cikinsa, kuma duk wanda ya sauka a zaurensa yana da tuwo a tukunyarsa. Da abinci ya yi tsada, Abba ya kira Rabi ya yanka mata adadin kwanukan da za a riƙa zubawa, ya ce wanda ya haura a ba shi haƙuri. Ba wanda ya gaya mini. Da kunnena na gane. Ina zaune a ƙofar ɗakina da la'asar sai na ji an fita da wani kwano murfinsa yana kwaramniya, ni kuwa na san kwanon da ke da tuwo ba ya magana. Na tambayi Rabi, ta sunkuyar da kai ta ce na wani ɗan dako ne da ya sauka kwanan nan, yana aiki a kasuwar Shasha, an riga an kai magzimam kafin nasa ya iso. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin nawa. Ban yi mata faɗa ba, don ba ita ta kar zomon ba, rataya aka ba ta. Sai dai na ƙudura a raina cewa muddin ina numfashi a gidan nan, ba za a sake mayar da kwano zaure babu komai ba.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa kwano ɗaya zai hana tsohuwa sukuni ba, don ba su ga Sabon da aka kawo ni ba. Lokacin babu kasuwar Bodija, balle ta Shasha, Akinyele kuwa daji ne da gonaki. Abin da ke tashe mu bayan kiran salla shi ne jiniyar jirgin ƙasa daga can ƙasan gari, kuma idan ta yi kuka mun san ko dai baƙi sun iso ko goro zai tafi. Unguwar duk ƙamshin ɗanyen ganye take, wanda ake naɗe goro da shi, ga luguden mata gida-gida, ga matan Yarbawa masu talla suna shiga da tire a ka suna kiran kaya da Hausar da suka karya wa ƙafa. Fatake daga Arewa, masu goro da masu shanu, kowa da maigidan da yake sauka a wurinsa. Maigida shi ke ba da ɗaki da abinci, shi ke tsaya wa baƙo a ciniki, shi ne shaidarsa a garin da ba ya jin yaren mutanensa, daga nan kuma yake samun la'adarsa. Ba a sayar wa baƙo tuwo. Amma tuwon nan shi ne igiyar da ke riƙe da shi, domin bafatake yana iya yafe maka ɗaki mai yoyo, ba ya yafe maka kwanan yunwa.

Mu mata muna kulle, ba mu taɓa ganin fuskar baƙin da muke dafa wa ba. Da kwanukansu muka san su. Kowane bafatake da nasa yake tafiya, idan rana ta karkata sai yara su kwaso su daga zaure su jera a bakin madafi. Akwai mai jan fenti a gindi, akwai wanda murfinsa ya lotsa aka ɗaure da zare, akwai wani ɗan ƙarami da muke wa laƙabi da Marowaci, don ko miyar da ta maƙale a murfi ba ya bari. Idan wani kwano ya daɗe bai zo ba mukan tambaya ko lafiya, idan aka ce mai shi ya rasu mukan yi jimami kamar mun san shi. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, ita ta koya mini karatun kwano. Wanda ya dawo a sude, mai shi ya gode. Wanda ya dawo da saura, ko dai ba shi da lafiya ko miya ta yi gishiri. Wanda kuwa ya dawo ba a taɓa ba, wannan ba ƙoshi ba ne, saƙo ne, maigida ya shirya jin cewa baƙonsa ya koma wani gida. Daga safe muna surfe, muna wanke dawa, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa. Ban taɓa jin Inna ta tambayi mutum nawa ne ba. Takan leƙa layin kwanukan ne kawai ta ce a ƙara ruwa. Yanzu kuwa a leda da roba ake cin abinci, a ci a jefar a kwata, mai dafawa ba ta san mai ci ba ko da ta kwanonsa.

A cikin kwanukan nan duka akwai ɗaya da ba kwano ba ne, baƙin akushi ne na itace, ya sha hannu har yana sheƙi. Na wani dattijon bafataken goro ne, muna ce masa Mai Akushi. Shi ne babba a cikin baƙinmu, inda ya sauka nan sauran ke sauka, in ya tashi kuma sun tashi. Tun yana saurayi yake sauka a wurin surukina, Alhaji Babba.

To, a wata damina Allah ya yi wa Alhaji Babba rasuwa. Inna ta shiga takaba, madafi ya dawo hannuna, ni da ko haihuwar fari ban yi ba. Zaure kuma ya dawo hannun mijina, saurayi mai kunya wanda gemunsa bai gama fitowa ba. Kowa a Sabo ya zuba ido ya ga ko yaron zai iya riƙe gidan ubansa, masu gidajen baƙi na makwabta kuwa ba ido kaɗai suka zuba ba, sun fara aiko wa baƙinmu gaisuwa da goro. Ana cikin haka ruwa ya cinye hanyar jirgi a can Arewa. Waɗanda suka gama sayen goro suka rasa hanyar komawa, waɗanda suka koro shanu a ƙasa suka ci gaba da isowa, zaure ya cika har baranda. Abin da ya fi muni, dawa da geron da muke ci a jirgin nan suke zuwa. Buhunan da Alhaji ya bari suka yi ta ja da baya, layin kwanuka yana ƙara tsawo. Ranar da na karkaɗe buhun ƙarshe, abin da ya fito bai fi ya ciyar da kashi ɗaya cikin huɗu ba, kasuwa kuwa ko da kuɗinka babu.

Mijina ya shigo ya tsaya a bakin ɗakin Inna, ina jin su daga madafi. Ya kawo shawara cewa a tuƙa ɗan garin da ya rage a ba manyan fatake, su Mai Akushi, masu koro shanu da 'yan dako kuma a ba su haƙuri su nema a gari. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma ni ma a lokacin na ga kamar dabara ce. Inna ba ta ko ɗaga asabari ba.

"Kwano ba ya zuwa da rawani," in ji ta. "Abin da aka zuba wa ɗaya shi za a zuba wa duka. Ubanka bai taɓa zaɓe ba."

Ta faɗi doka, amma ba ta ba ni hatsi ba. Na zauna a kan turmi ina kallon kwanukan nan, hawaye na zubo mini, ina jin haushin Inna, ina jin haushin jirgi, ina jin haushin wanda ya kawo ni Ibadan. Sai ga sallamar wata Bayarabiya da ke kawo mana manja da barkono, muna ce mata Iya Mai Manja. A gefen tirenta kullum akwai ƙullin alabo, garin busasshiyar doya da suke yin amala da shi. Mu ba mu taɓa saya ba. A lokacin Bahaushen Sabo yana iya shekara da shekaru a Ibadan bai sa amala a bakinsa ba, raina ta muke, muna cewa tuwon da ya fi tukunyarsa baƙi. Na dubi ƙullin nan na daɗe. Sannan na shiga ɗaki na ciro atamfa daga kayan lefena, wadda ko ɗinkawa ban yi ba, na miƙa mata na ce buhu nake so, yanzu. Ta dube ni, ta dubi layin kwanukan, ba ta yi ciniki ba. Kafin azahar ta dawo da mai ɗauke da buhu a bayanta.

Na ɗora ruwa na yi abin da hannuna ya sani. Na dama garin na zuba na yi talge, na rufe na ba shi lokaci ya nuna, kamar yadda ake wa dawa. Da na buɗe sai na tarar da wani abu kamar ƙaron da ya narke, gudaji na yawo a ciki. Iya Mai Manja, wadda ta tsaya ganin ƙwaƙwaf, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ajiye tirenta ta gyara ɗaurin zane.

"Iyawo, wannan ba dawa ba," ta ce da ni, don haka take kirana, wato amarya. "Dawa yana jira. Alabo ba ya jira kowa."

Ta sa na zubar na ɗora sabon ruwa. Da ya tafasa ta sheƙa garin kai tsaye, ta sauke tukunyar ƙasa, ta sa na dafe ta da ƙafafuna da tsumma, ta ce in tuƙa kamar ana kora ta. Na tuƙa. Ina gani farin gari ya koma ruwan ƙasa, ya koma baƙi-baƙi. Tukunya ta ƙare muka ɗora wata. Na kaɗa miyar kuka na cika mata daddawa, Inna ta miƙo ɗan man shanun da take ɓoyo ta ƙarƙashin asabari. Da na zo kan akushin nan hannuna ya tsaya. Ga garin dawar can a ƙwarya, in na tuƙa masa shi kaɗai ba wanda zai sani sai ni da Allah. Na ce a raina da babu gara ba daɗi, kuma abin da Inna ta faɗa ta faɗa. Na zuba masa baƙin tuwo daidai da na mai koro shanu, na rufe. Dawar na ajiye ta don kunun safe, kowa ya samu ludayi.

Ban taɓa jiran abu a rayuwata kamar yadda na jira dawowar kwanukan ranar ba. Suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Wasu da saura, wasu an ƙwaƙule miyar an bar tuwon rabi, na Marowaci kam a sude kamar kullum, Allah ya jiƙan mai shi. Akushi bai dawo ba. Yaran suka ce mutanen gidan da ke bayan masallaci, waɗanda suka ɓoye dawarsu tun farkon damina, sun aiko wa Mai Akushi farin tuwo a rufe, yana ajiye a gefensa. Na san in akushin nan ya dawo ba a taɓa ba, gobe zauren Alhaji Babba zai zama wurin kwanan awaki, kuma za a ce amaryar ɗansa ce ta kore baƙi da tuwon Yarbawa.

Mijina ne da kansa ya shigo da shi gab da magariba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye a gabana, na buɗe, babu ko ɗigon miya. Ya ce dattijon ya buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya bi zauren yana leƙa kwanon kowa, har na 'yan dakon da ke baranda. Da ya ga duk iri ɗaya ne sai ya koma ya zauna, ya sa aka mayar wa masu farin tuwo nasu da godiya. Ya ci yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci, yana kora kowace loma da ruwa, har ya cinye.

"Ya ce in gaya miki," in ji mijina, "tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin tuwo marar daɗi irin wannan ba. Kuma ya ce gobe ma a zuba da shi."

Na yi dariya na yi kuka a lokaci ɗaya. Haka muka yi ta tuƙa alabo har aka gyara hanyar jirgi, hannuwana suka yi kanta, atamfofin lefena suka bi junansu zuwa kasuwar Mokola a musayar alabo. Kullum ina cewa yau ne ƙarfina zai ƙare, kullum kuma sai a wayi gari ban iske maƙurar ba. Ba baƙo ɗaya da ya tashi. Mutanen Sabo suka sa mana suna gidan baƙin tuwo, da tsiya suka fara, daga baya ya zama kwatance. 'Ya'yan fataken nan ma a zaurenmu suka sauka bayan iyayensu.

Na kira Abba na ba shi wannan labarin, ko da yake ya sha jinsa. Ya saurara da ladabi, don ba ya musu da ni, sannan ya faɗi nasa. Ya ce fataken da nake magana sun ƙare, yanzu mai kaya da waya yake ciniki daga Kano, ba ya buƙatar maigida. Waɗanda ke cika zaure yanzu 'yan dako ne da masu tura baro da masu tallar kaya a hannu, ba la'adar da suke kawowa, wasu ma ba a nan suke kwana ba, labarin tuwo ne ke kawo su. Ya ce Rabi ta gaji, buhun masara ya zama abin da ya zama, ga yara a makaranta. Ya ce in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, komai na duniya yana da magzimam ɗinsa, ko mota aka yi wa lodin da ya wuce kima zaunawa take. Ban ƙaryata shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni da idona na ga ramar da ya yi. Na ce masa ya riƙe adadinsa, tukunyarsa ce. Amma ni ba a yanka mini ba.

Washegari na sa aka fito mini da tsohuwar tukunyata daga ƙarƙashin gado, aka kafa mini duwatsun murhu a ƙofar ɗakina, don ni ban iya gas ba kuma ba na son koya. Da ɗan abin da 'ya'yana mata ke aiko mini na sa aka auno alabo a Bodija. Samarin Arewa na yanzu ba sa yamutsa masa fuska, har ƙari suke nema. Na aika zaure cewa duk kwanon da ya haura adadi, da roba da duk abin da mutum ke da shi, a kawo ƙofata. Rabi ta zo za ta kama mini, na ce ta koma, kada in shiga tsakaninta da umarnin mijinta. Kwanuka suka zo, sun fi yadda na zata. Ruwa ya tafasa na sheƙa gari, na sauke, na dafe da ƙafa, na kama muciya.

Juyawa kaɗan na yi na gane cewa hannun da na sani ba shi ne wannan ba. Kafaɗata ta ɗauki zafi, numfashina ya riƙa tsinkewa, muciyar ta tsaya a tsakiyar tuwon kamar an dasa ta. Na ja, ta ƙi. Na sake ja. Ina cikin haka na ga inuwar mutum a kaina. Abba ne ya dawo daga kasuwa da farar shaddarsa, ya tsaya yana kallona, yana kallon layin kwanukan da ya kai har bakin rijiya.

"Hajiya, o ti to," ya ce a hankali da Yarbanci. "Ya isa haka, don Allah. Za ki faɗi."

Ban ɗaga kai ba, ban kuma saki muciyar ba. Na ce masa in zai tsaya ya matsa daga haske, alabo ba a barinsa ya huce.

Sai na ga ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gabana, mutumin da furfura ta fara fito masa, wanda bai taɓa riƙe ko ludayi ba. Ya zare muciyar daga hannuna, ya dafe tukunyar da takalmansa masu tsada, ya fara tuƙi yana haki, tururi na dukan fuskarsa. Rabi ta leƙo daga madafi ta rufe baki da mayafi.

"Mutum nawa ne?" ya tambaye ni, bai dube ni ba.

"Ban ƙirga ba," na ce. "Rabi, ɗora wani ruwan."